Yallaɓai, Gaurakan Kalilu

Unguwar da ke bayan Kusugu, a cikin birnin Daura, ba ta taɓa rasa mutane masu abin mamaki ba. Akwai Sha'aban mai keke, wanda ya ƙawata kekensa da madubai da tuntaye, amma tun da ya saye shi ba wanda ya taɓa ganin ya hau. Tura shi yake yi duk inda za shi, wai kada tayoyin su sha wahala. Akwai Gwaggo Auta mai waina, da ke zama a bakin zaure da rediyo kusa da tanda tana musu da masu karanta labarai. In suka faɗi abin da bai yi mata ba, sai ta juya rediyon ya fuskanci bango, ta ce ya tsaya nan har ya yi hankali. Amma duk cikinsu ba wanda sunansa ya kai na Kalilu baduku nisa, kuma ba takalman da yake ɗinkawa ne suka kai shi ba. Gaurakansa ne.

Wata damina ce Kalilu ya je wani ƙauye wajen Mashi sayen fata, ya iske wani makiyayi riƙe da ɗan tsuntsu mai dogayen ƙafafu, ɗaya a karye. Lokacin bai daɗe da rasa matarsa ba, 'yarsa ɗaya tilo, Rauda, tana aure a Katsina, gidan ya yi masa faɗi. Ya karɓi tsuntsun, ya ɗora masa ƙafar da kara da tsirin fata, ya riƙa ba shi tsaki da fara a tafin hannu. Ƙafar ta warke, tsuntsun ya miƙe har ya kai wa Kalilu ƙugu. Kumatunsa suka yi fari, tuntun kansa ya baje kamar an tsoma tsintsiya a ruwan zinariya. Tafiya yake yi a hankali, yana ɗaga ƙafa yana ajiyewa kamar wanda jama'a ke jira, shi ya sa 'yan unguwa suka sa masa suna Yallaɓai.

Kalilu yakan rage masa gashin fiffike ɗaya don kada ya yi nisa, amma ko ba a rage ba da wuya ya tafi. In Kalilu ya fito rumfarsa, Yallaɓai na bayansa. In ya shiga masallaci, Yallaɓai ya tsaya a ƙofa wajen takalma, ba ya ko taɓa su. Bayan magariba, in magidantan layin suka shimfiɗa tabarmi a ƙofar zauren Gwaggo Auta, kowa ya fito da kwanonsa don ciyayya, tsuntsun yakan tsaya a bayan ubangidansa da ƙafa ɗaya har a gama. Gwaggo Auta ƙanwar mahaifin Kalilu ce, ko da yake ba ta girme shi da yawa ba, kuma tun rasuwar matarsa daga tukunyarta kwanonsa ke fitowa.

Akwai abu guda da Yallaɓai ke yi wa Kalilu shi kaɗai. Wani lokaci da safe, ba dalili, sai ya buɗe fikafikansa, ya sunkuyar da kai, ya yi tsalle, ya juya, ya sake tsalle. Kalilu kuwa ba mai rawar kai ba ne. Sai ya ajiye basilla, ya kalle shi har ya gama, ya gyaɗa kai ya ce, “An gaishe ka, Yallaɓai.” Shi ke nan. Amma a ranar ko wa ya kawo gyaran takalmi zai ga fara'a. Baƙin da ke zuwa ganin rijiyar Kusugu, in sun gama, akan ce musu, “Ku biya ta wajen Kalilu mai gauraka.” Har direbobin Kongolam, can bakin iyakar Nijar, sun san sunan.

Ana nan sai Zakiyyu ya dawo.

Tare suka tashi da Kalilu, allonsu ɗaya malaminsu ɗaya. Zakiyyu ya bi motar goro ya tafi Ibadan tun gemunsa bai fito ba, ya zauna can har kansa ya yi fari. Ya dawo da tumbi, da jaka biyu, da hula irin ta Yarabawa a karkace, da dariyar da ake ji daga ƙarshen layi. Matarsa ta rasu a can, 'ya'yansa kuma sun ce su can ne gida. Ranar da ya sauka ba wanda ya kai Kalilu murna. Shi ya share masa ɗakin da ke gidan mahaifin Zakiyyun, shi ya kai masa tabarma da buta, shi ya kama hannunsa ya kai shi wajen ciyayya ya ce, “Ga mutumina, ku ba shi wuri kusa da ni.”

Zakiyyu ya iya labari. Ya ba su labarin matar da ya yi haya a gidanta, wadda ta tare titi ta kafa rumfuna ta kira makaɗa don akuyarta ta haifi uku. Ya ba su na wani tsohon alƙali da ke sa rigar shari'a ya zauna yana yanke wa kajinsa hukunci. Ya kwatanta musu ɗaurin ɗankwalin matan garin, ya ce in biyu suka zauna gabanka a mota, sai an sauka za ka san ko rana ta faɗi. Yana yi yana tashi tsaye, yana kwaikwayon tafiya da murya. Tuwo ya riƙa hucewa a kwano. Mutanen wasu layuka suka fara ɗauko kwanukansu suna zuwa.

Da farko Kalilu daɗi yake ji. In an yi dariya sai ya dubi na kusa da shi ya ce, “Haka yake tun muna yara.” Amma a hankali ya lura ba mai tambayarsa yau me Yallaɓai ya yi. Da can da wannan ake buɗe hira.

Wata safiya Zakiyyu ya zo rumfar ya zauna kan benci yana cin wainar Gwaggo Auta. Yallaɓai ya matso, ya karkata kai yana kallon hular nan. Sai kawai ya buɗe fikafikai, ya sunkuya, ya yi tsalle. Bayansa ya ba Kalilu.

“Kai!” in ji Zakiyyu. “Ni ake wa wannan? To bismilla.”

Ya ajiye waina, ya tattare babbar rigarsa da hannu biyu ya baje ta, ya sunkuya shi ma, ya daka tsalle da tumbinsa. Tsuntsun ya juya, shi ma ya juya. Matan da ke layin sayen waina suka saki shewa. Sha'aban ya jingine kekensa yana tafi. Ba su tsaya ba sai da Zakiyyu ya zube kan benci yana haki, hawayen dariya na zuba.

Kalilu ya yi murmushi tare da mutane. Amma basillar da ke hannunsa ta huda fatar a inda bai nufa ba, kuma bai ce an gaishe ka ba.

Daga ranar abin ya zama na kullum. Da Yallaɓai ya jiyo dariyar Zakiyyu daga kwana sai ya bar rumfa ya tarye shi. Yazid mai cajin waya ya ɗauki rawar tasu a bidiyo ya tura wa abokansa, su ma suka tura gaba, wani a hanya ya rubuta a ƙasa: Zakiyyu mai gauraka na Daura. Ba a jima ba Rauda ta kira daga Katsina.

“Baba, mun ga Yallaɓai a waya! Yara sun kalla har cajin ya ƙare. Ashe haka ya iya rawa?”

“Ya daɗe da iyawa,” in ji Kalilu.

“Ai ban taɓa ganin ya yi irin wannan ba. Baba Zakiyyu ne ya koya masa?”

Kalilu ya ce ana kiran salla, ya kashe wayar, alhali da sauran lokaci.

Abin da ya fi ci masa rai ya faru ne wata Asabar. Wata mota ta tsaya a gaban rumfarsa, wata mata da 'ya'yanta suka fito, ta durƙusa ta gaishe shi da ladabi. Yallaɓai na tsaye a gefensa yana gyara gashi.

“Baba, don Allah ina ne gidan Zakiyyu mai gauraka? Ga tsuntsun nasa ma, ko ajiyarsa ya ba ka?”

Kalilu ya daɗe yana kallonta. Sannan ya nuna mata hanya da basilla.

Daga nan ya fara sa wa labaran Zakiyyu ido. In Zakiyyu ya ce akuya uku ta haifa, sai ya ce, “Rannan biyu ka ce.” In ya ce ya taɓa tuƙa motar shanu, sai ya ce, “Ni dai abin da na ji, yaron mota ka yi.” Zakiyyu yakan yi dariya ya ce, “Ka ji mutumina, ba ya manta komai,” ya ci gaba. Wannan haƙurin ya fi zagi yi wa Kalilu zafi, don yana gani mutane na kallonsa ta wutsiyar ido.

Sai ya daina fitowa da tsuntsun. Ya kulle shi a tsakar gida, ya ce mura yake yi. Yallaɓai, wanda bai san kulle ba, ya riƙa kuka tun daga hantsi, irin kukan nan nasu mai kama da ƙahon tsohuwar mota, har maƙwabta suka fara aiko yara. Zakiyyu ya zo da fara a leda, ya ce a kai masa.

“Ba ya cin wannan,” in ji Kalilu.

“Jiya-jiya ya cinye rabin leda a hannuna.”

“Shi ne ya sa masa ciwon.”

Zakiyyu ya tsaya da ledar a hannu, sannan ya ce Allah ya sawwaƙe, ya tafi.

A cikin kwanakin kullen ne Kalilu ya yi abin da ko a mafarki bai zaci zai yi ba. Ya sakata ƙofa, ya leƙa ya tabbata ba kowa, ya tsaya gaban tsuntsun. Ya kama gefen rigarsa ya baje. Ya sunkuya, gwiwoyinsa suka yi ƙara, ya ɗan yi tsalle. Ya sake. Yallaɓai ya karkata kai ya kalle shi da ido ɗaya, sannan ya juya ya ci gaba da tsattsagar ƙasa a gindin randa.

“To, Kalilu,” wata murya ta ce daga kan katanga. Gwaggo Auta ce, ta taka turmi za ta shanya tsumman tanda. “Abin har ya kai nan?”

Ya saki rigar. “Ƙafata ce ta sage, Gwaggo.”

“Ƙafarka. Ni na goya ka, za ka ce mini ƙafarka. Mutum ya dawo garinsu ba mata ba ɗa, bai da inda yake jin daɗi sai gabanka, kai kuma ka tsaya kana kishi da shi a kan tsuntsu. Buɗe wa abin nan ƙofa, ya hana ni jin labarai.”

Ya buɗe, don ba a musu da Gwaggo Auta. Amma maganarta ba ta sauka inda ta nufa ba. Abin da ya ji kawai shi ne ita ma ta koma wajen Zakiyyu.

Ranar walimar auren ɗan Sha'aban aka cika layin da tabarmi. An zo daga Mashi, an zo daga Mai'aduwa, ango sai gaisawa yake yi, uban ango kuma ya wanke kekensa ya kafe shi a ƙofar gida kamar shi ma gayyatarsa aka yi. Kalilu ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya zauna a sahun dattawa, Yallaɓai a bayansa kamar da. Har ya fara jin ransa na sanyi. Sai aka ji dariyar nan daga ɗaya ɓangaren. Tsuntsun ya miƙa wuya, ya tsallake kafaɗar Kalilu, ya ratsa tsakanin farantan shinkafa yana ɗaga ƙafa a hankali, mutane na janye kwanuka suna dariya.

“Yallaɓai,” Kalilu ya kira a hankali. Sannan ya ɗaga murya. “Yallaɓai!”

Ko waiwayowa bai yi ba. Wani baƙo da ke kusa ya dafa gwiwar Kalilu ya ce, “Bar shi, Malam, wajen mai shi za shi.”

Kalilu bai ci abincin ba. Ya zauna yana kallon wayoyi a sama, da rigar Zakiyyu tana tashi tana sauka, har aka shafa fatiha.

Washegari da aka fito sallar asuba ya ɗauko buhu ya huda gindinsa, ya sa tsuntsun ciki kansa a waje, ya naɗe masa ƙafafu da tsumma. Yallaɓai bai yi gardama ba, don hannun da ya sani ne. Ya ɗaure shi a bayan babur ɗinsa, ya tura har ƙarshen layi kafin ya tayar. Ya kama hanyar Dutsi, ya sauka daga kwalta, ya bi burtali har ya kai wata fadama mai ciyawa da ruwa kwance. A hanya yana ta gaya wa kansa cewa alheri zai yi masa, tsuntsun daji ai daji ne gidansa. Ya san ba haka ba ne. Gani ya yi in dai ba zai zama nasa shi kaɗai ba, to kada ya zama na kowa.

Ya kwance shi, ya zuba masa dawa a ƙasa, ya hau babur. Da ya waiwaya sai ya ga tsuntsun ya bar dawar yana biyo shi da gudu, fikafikai a buɗe, ɗayan da aka rage ya hana shi tashi. Kalilu ya ƙara wuta. Ya daɗe yana jin kukan a bayansa kafin ƙarar injin ta rufe shi.

Da ya dawo ya ce ya tashi ya tarar da ƙofa a buɗe, ba tsuntsu, ya zaga gari bai gan shi ba.

Unguwa ta ɗauka kamar mutuwa aka yi. Mata suka riƙa shigowa jaje, maza suka zauna da shi a rumfa. Limami ya tsaya bayan azahar ya ce Allah ya bayyana. Kowa ya zo sai ya ce, “Kai da ka raine shi tun yana tsako,” sai Kalilu ya sunkuyar da kai. In ya tuna gudun nan abinci ma ba ya shiga sosai, amma duk da haka akwai wani ɓangare na zuciyarsa da ke shan wannan jaje kamar ruwan sanyi. An tuna na wane ne. Gwaggo Auta kaɗai ba ta yi masa jaje ba. Ta dubi tayoyin babur ɗin da laka ta kama, ta dube shi, ta koma wajen tandarta.

Zakiyyu bai zauna jaje ba. Ya ɗauki sanda ya shiga nema. Ya bi gidajen masu kiwon tsuntsaye, ya bi bayan gari, ya je kasuwar kaji, ya tsaya tasha yana nuna wa direbobi bidiyon. Da yamma ya dawo ƙafafunsa a kumbure, ya zauna kusa da Kalilu ya ce, “Kada ka sa wa ranka damuwa, mutumina. Ko ƙasa ya shiga sai na tono maka shi.” Labaran Ibadan suka tsaya. Mutane suka koma cewa, “Kun ga amana? Tsoho da hawan jini, yana yawo a rana saboda abokinsa.” Kalilu ya ga ko ɓatan ma an raba shi da shi.

Bayan kamar mako biyu Zakiyyu ya shigo rumfar yana haki.

“Tashi! Wani direba ya ce akwai wani dillalin shanu a Dutsi, Alhaji Maliki, an kai masa gauraka mai tabo a ƙafar hagu. Tayar da babur.”

Kalilu ya ce yana da aiki, ya ce mai ya yi ƙasa, ya ce gauraki da yawa suke. Amma mutane sun taru, Sha'aban har ya ce in rashin abin hawa ne zai ba da aron kekensa, abin da bai taɓa furtawa ba. Ba yadda zai yi. Ya goya Zakiyyu suka tafi.

Alhaji Maliki mutum ne mai son dabbobi. Bayan gidansa fili ne babba da aka kewaye, da ɗawisu, da barewa, da kwatarniyar ruwa a tsakiya. Ya karɓe su a ƙofa, ya sa aka kawo fura, ya ce shi ma ya ga bidiyon.

“Wani Bafillace ne ya kawo mini shi,” in ji shi. “Ya ce yana kiwo a fadama ya ga wani mutum ya kwance shi daga buhu ya gudu. Tsuntsun ya bi shi har ya faɗi, ƙafafunsa duk ƙaya. Na ce ɓarawo ne ya sato ya tsorata. Ya ce a'a, dattijo ne, kuma bai yi kama da ɓarawo ba. Fuskar bai gani sosai ba, amma ya ce sirdin babur ɗin jar fata ce da zanen dagi, bai taɓa ganin irinsa ba.”

Babur ɗin na jingine a inuwar katanga, taku kaɗan daga inda suke. Kalilu da hannunsa ya yi wa sirdin wannan rufi. Alhaji Maliki bai kula ba, yana ta zuba zance. Zakiyyu ya ajiye ludayi. Ya juya ya kalli babur ɗin, ya daɗe yana kallo, sannan ya mai da idonsa cikin ƙwaryar fura. Bai kalli Kalilu ba.

“Mu je ku gan shi,” in ji Alhaji. “Ina da wata macen da ta daɗe ita kaɗai, tun da mijinta ya mutu ba ta da walwala. Ku zo ku ga ikon Allah.”

Yallaɓai na tsaye bakin kwatarniya, ya rame kaɗan, amma tuntunsa a baje. Kusa da shi wata ce ƙarama da shi, tana tsefe masa gashin wuya da baki.

“Yallaɓai,” in ji Kalilu.

Tsuntsun ya ɗago, ya kalle shi, ya ɗan yi taku biyu, ya tsaya. Macen ta yi wani ƙaramin sauti, sai ya koma.

Zakiyyu ya matsa gaba. Ya yi dariyar nan tasa, amma ba ta fito daidai ba. Ya kama rigarsa ya baje, ya sunkuya, ya yi tsalle sau ɗaya. Yallaɓai ya buɗe fikafikai, har Alhaji ya fara tafi, sai tsuntsun ya juya ya fuskanci macen, ya sunkuya mata, ya daka tsalle. Ita ma ta buɗe nata. Suka yi ta zagaya kwatarniyar, Zakiyyu na tsaye riƙe da gefen riga.

A wannan lokaci, duk da kunyar da ta lulluɓe shi, Kalilu ya ji wani daɗi ya ratsa shi. Zakiyyu ma an ba shi baya. Ya yi ƙoƙarin ɓoye abin, amma murmushi ya kuɓuce masa, kuma daidai nan Zakiyyu ya waiwayo ya gani.

Alhaji Maliki ya ce in suna son abinsu su ɗauka, shi ba zai riƙe kayan wani ba. Kalilu ya ce a bar shi, ya samu wuri. Suka yi godiya suka fito.

A waje Kalilu ya tayar da babur ya jira. Zakiyyu bai hau ba.

“Ka bar ni ina yawo a rana,” ya ce, ba tare da ɗaga murya ba. “Kullum in dawo in zauna kusa da kai ina ba ka haƙuri.”

“Zakiyyu…”

“Da ka ce mini in daina wasa da shi, wallahi da na daina a ranar. Ni me zan yi da tsuntsu? Wajenka nake zuwa. Shi ne kawai yake tasowa ya tarye ni, kai ka daina.”

Ya gyara hularsa, ya taka zuwa bakin titi, ya tsai da motar haya. Kalilu ya bi bayan motar har Daura, bai wuce ta ba, bai kuma matsa kusa ba.

Zakiyyu bai gaya wa kowa ba. Da aka tambaye shi sai ya ce an samu Yallaɓai, ya yi aure a Dutsi, ya ce a gaida mutanen unguwa. Aka yi dariya, aka yi wa Kalilu barka. Ya ci gaba da zuwa ciyayya na ɗan lokaci, amma a can ƙarshen tabarma yake zama, kusa da Sha'aban. Da aka yi girbi sai ya haɗa jakunkunansa ya koma Kongolam, wajen wani ɗan ƙanwarsa da ke da rumfar goro a bakin iyaka. Ya bi gida-gida ya yi sallama. Ya tsaya a rumfar Kalilu ma, suka yi musabaha, ya ce a yafi juna, Kalilu ya ce ba komai, Allah ya kiyaye hanya.

Ciyayyar ta koma yadda take, sai dai ta ragu, kuma da an cinye ake tashi. Yazid da wasu suka fara samun dalilin zuwa Kongolam, yau sayen shinkafa, gobe ganin wani. Wata rana Sha'aban ma ya bi su a mota, ya dawo da yamma ya biyo ta rumfar Kalilu da ƙwayar goro biyu a leda.

“In ji mutuminka.”

Kalilu ya karɓa ya ajiye gefe. Ya ci gaba da ɗinki, sannan ya tambaya kamar ba da gangan ba, “Ana zama wajensa?”

“Zama? Har kan titi. Direbobin Nijar kashe mota suke yi su sauko. Wani jami'i ma na gani ya cire hula ya zauna kan buhu.”

“Labaran nan dai nasa na kullum.”

“Da sababbi. Har da naka.”

Basillar ta tsaya. “Me yake cewa?”

“Cewa yake duk ƙasar Daura ba baduku irinka. Ya cire takalminsa ya nuna musu ɗinkin, aka riƙa miƙa wa juna. Wasu ma sun ce za su aiko.”

Kalilu ya ajiye basillar. Ya so a ce zaginsa ake yi, da ya san abin da zai yi da shi. Ya ɗauki goro ɗaya ya ɓare, ya miƙa wa Sha'aban rabi, ya riƙe rabin a hannu bai kai baki ba.

“Da ya faɗa,” ya ce, “sun yi dariya?”

“A'a. Shiru suka yi suna saurare.”

“Har da wannan ya iya,” in ji Kalilu. Ya jawo wani takalmin ya ɗora a gwiwa.